Lodin da Ya Wuce Kima a Cikin Ƙwallon Atam

Ina da wani kawu direba, ya yi shekara da shekaru yana jigilar fasinja daga tashar Kawo zuwa Zariya. Ran nan da hutu muna zaune a ƙofar gida, sai ya ga littafin kimiyya a hannuna, ya ce, "Kai ɗan boko, wai da gaske ne akwai nukiliya a Zariya?" Na ce, "Da gaske ne, Kawu." Sai ya riƙe baki ya ce, "Ashe kullum wurin bam nake kai bayin Allah ban sani ba!" Aka yi ta dariya. Amma da na koma makaranta na lura ba shi kaɗai ke da wannan zato ba, har cikin 'yan ajinmu akwai waɗanda in an ce nukiliya ba abin da ke faɗo musu a rai sai bam. Shi ya sa na ga ya kyautu in ɗan yi bayani a wannan fili, don 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu su san abin da ake yi a can, su kuma ga inda wannan aiki ya nufa in an bi shi har ƙarshensa.

Bari mu fara daga tushe. Duk abin da ka gani, da dutse da ruwa da tuwo da jikinka, an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi da ake kira atam. Ƙanƙantarsu ta kai sai ka jera miliyoyi kafin su cika milimita ɗaya. To, shi ma atam ɗin ba dunƙulalle ba ne. Yana da wani abu a tsakiyarsa kamar yadda dabino ke da ƙwallo, shi ne Turawa ke kira nukiliyas, daga nan kuma kalmar nukiliya ta fito. Ni a nan zan riƙa ce masa ƙwallon atam. Sai dai kwatancen dabino bai cika ba, domin da za a hura atam ya kai girman filin wasa na Ahmadu Bello da ke nan Kaduna, ƙwallonsa ba zai wuce ƙwayar gero guda da aka ajiye a tsakiyar fili ba. Duk da haka, fiye da kashi 99 cikin 100 na nauyin atam yana cikin wannan ƙwayar gero. Sauran filin kuwa wajen kai-da-kawo ne na wasu 'yan mitsi-mitsi marasa nauyi da ake kira elektiron.

Yaya aka san haka, alhali ba wanda ya taɓa gani da ido? Da jifa aka sani. A birnin Mancesta na Ingila, wani masani mai suna Ernest Rutherford ya sa mataimakansa su riƙa harbin wani fallen zinariya, wanda bai kai takarda kauri ba, da ƙwayoyi masu gudu. Mafi yawansu suka ratsa suka wuce kamar ba kome, amma jifa-jifa sai a ga ɗaya ta dawo da baya. A 1911 Rutherford ya bayyana dalili, watau akwai wani abu ƙarami mai nauyi a tsakiya wanda ƙwayar ta yi karo da shi. Tun daga ranar har yau dabarar ba ta sake ba. Uwargida in ta je sayen tukunyar ƙasa a kasuwa, ai ba fasa ta take yi ba, ƙwanƙwasa ta take yi da yatsa ta saurari amo. Haka masana ke yi wa ƙwallon atam: a jefe shi, a saurari abin da zai fito.

Cikin ƙwallon akwai ƙwayoyi iri biyu, furoton da nutiron. Furoton yana ɗauke da cajin lantarki, kuma yawansa shi ke ba sinadari sunansa. In guda 8 ne, oksijin ke nan wanda muke shaƙa; in 79 ne, zinariya; in 92 ne, yuraniyam irin wanda ake haƙowa a Arlit ta Jumhuriyar Nijar. Shi nutiron, wanda James Chadwick ya gano a 1932, nauyinsa kusan ɗaya da na furoton, amma ba shi da caji ko kaɗan. Amfaninsa babba ne. Furoton da furoton ba sa ga-maciji, kowa ture ɗan'uwansa yake yi, don cajinsu iri ɗaya ne. Akwai wani ƙarfi na dabam da ke ɗaure 'yan cikin ƙwallo, amma hannunsa gajere ne, sai maƙwabcin da ke jikinka kawai yake kamawa. Nutiron yana ƙara wannan ɗauri ba tare da ya ƙara faɗa ba, kamar dattijon da aka zaunar tsakanin masu husuma. Saboda haka ƙaramin ƙwallo yakan wadatu da ɗaya-da-ɗaya, misali oksijin na yau da kullum furoton 8 ne da nutiron 8. Babban gida kuwa sai da dattawa da yawa: zinariya tana da furoton 79 da nutiron 118, dalma tana da 82 da 126. In aka tara biyun sai a sami lambar da ake liƙa wa sunan, shi ya sa ake cewa oksijin 16, zinariya 197, dalma 208.

To, in dattawan suka yi yawa fa? Nan ne zancen Zariya ya shigo.

A Jami'ar Ahmadu Bello akwai wata cibiya ta binciken makamashi da horarwa, tafiyar kilomita 80 ko kusa da haka daga nan. A cikinta akwai tukunyar nukiliya ta bincike, irinta ta farko a Nijeriya, ƙirar ƙasar Sin, wadda aka fara kunnawa a watan Fabrairu na 2004. Kada mai karatu ya zaci wani makeken abu ne. Zuciyarta, inda makamashin yake, ba ta kai bokitin wanka girma ba, tana nutse cikin rijiyar ruwa mai zurfi. Zafin da take fitarwa wajen kilowat 30 ne, watau kamar a kunna dutsen guga na lantarki guda 30 lokaci ɗaya. Ba ta ba kowa wuta, ba a kuwa gina ta don haka ba. Sana'arta guda ce, samar da nutiron. Idan yuraniyam ya tsage a cikinta sai nutiron su fito kamar ɗango, har a kusa da zuciyar, wajen da bai wuce faɗin farce ba, nutiron wajen miliyan sau miliyan ne ke ratsawa cikin kowace daƙiƙa.

Ga yadda ake aiki da su. A ce an kawo ɗan garin ƙasar gona, ko dutse daga wurin haƙar ma'adinai, ko busasshen ganye, ana son a san abin da ke ciki. Sai a ƙunsa shi a ɗan ƙaramin kwalabar roba, a hura shi da iska ta cikin bututu ya faɗa kusa da zuciyar tukunyar. Can wasu daga cikin ƙwallayen da ke ciki za su haɗiye nutiron ɗai-ɗai. Alminiyam 27 ya koma alminiyam 28, sodiyam 23 ya koma 24. Lodi ya wuce kima ke nan, ƙwallo ya rasa sukuni. Maganin da yake yi wa kansa abin mamaki ne: sai nutiron guda ya rikiɗa ya zama furoton, ya tofar da elektiron waje, sa'an nan ƙwallon ya huce ta hanyar fitar da wani haske mai ƙarfi wanda ido ba ya gani, ana kiransa gamma. Kowane sinadari da irin muryarsa ta gamma, da kuma irin saurinsa. Alminiyam 28, cikin minti 2 da kwata rabinsa ya rikiɗe. Sodiyam 24 sai ya yi awa 15. Zinariya 198 takan ɗauki kusan kwana 3, abin da take komawa kuwa zaiba ne. Masu neman mai da zaiba zinariya a zamanin da, da sun ji wannan da sun yi baƙin ciki. Da na'ura ta saurari waɗannan muryoyi, sai a san abin da ke cikin ƙasar nan da kuma yawansa, ko da kashi ɗaya ne cikin miliyan.

Game da tsoron Kawu, akwai ɗan abin da ya kamata a faɗa. Tukunyar ba ta iya fashewa kamar bam, an ƙera ta yadda in ruwanta ya yi zafi aikinta ke lafawa da kansa. Amma gaskiya ne makamashin da ta fara aiki da shi, wajen kilo ɗaya, yuraniyam ne da aka tace har kashi 90 cikin 100, irin wanda duniya ba ta son ya faɗa hannun ɓata-gari. A 2018 aka cire shi, aka sa wanda tacewarsa kashi 13 ce kawai, a watan Disamba na shekarar kuma aka mai da tsohon ƙasar Sin a jirgin sama. Gana, wadda ke da irin wannan tukunya kusa da Ankara, ta riga mu yin haka a 2017.

A Zariya nutiron ɗaya ake ƙarawa. Tambayar da ta hana masana barci ita ce, in aka yi ta ƙarawa fa, biyu, biyar, goma, ina iyaka? Kawu ya san amsar wannan a wajen mota: ana ɗora buhu kan buhu har a kai inda in ka ɗora wani sai ya zamo ya faɗo. Haka ƙwallo yake. Oksijin yana zaune lafiya da nutiron 8 ko 9 ko 10. Ana iya matsa masa har ya ɗauki 16, ya zama oksijin 24, ko da yake ba ya kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa kafin rabinsa ya rikiɗe. Daga nan ko ka ba shi wani ba ya riƙewa. Abin ban mamaki, maƙwabcinsa fulorin, da ya fi shi da furoton ɗaya tak, yana riƙe har 22. Furoton guda ya jawo ƙarin nutiron shida! A 2019 aka tabbatar da wannan iyaka ta fulorin da ta niyon a ƙasar Jafan, kuma daga sinadari na goma sha ɗaya zuwa sama, iyakar tana nan ana nemanta. Ƙwallayen da ba sa rikiɗewa wajen iri 250 ne. Waɗanda aka gano duka-duka sun haura 3,000. Lissafin masana kuwa yana nuna wajen 7,000 ne za su iya samuwa, mafi yawan waɗanda suka rage kuma a ɓangaren masu lodin nutiron suke.

Wahalar binciken ita ce, abin da ba ya daɗewa kamar ƙiftawar ido, yaya za ka kafa shi ka jefe shi? Sai masana suka juya al'amarin. Maimakon a jefi tukunya da tsakuwa, sai a jefi tsakuwa da tukunya. Ana ɗaukar ƙwallo lafiyayye a kora shi cikin na'ura har gudunsa ya haura rabin gudun haske, a buga shi da wani ƙarfe ya tarwatse. Cikin tarkacen, jifa-jifa akan sami wanda ya zubar da furoton da yawa ya bar nutiron ɗinsa. Manyan maganaɗisu su tsince shi daga cikin miliyoyi, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, su aika shi ya yi karo na biyu da wani abin da aka girke. Wannan karo na biyu shi ne ƙwanƙwasar. Wani lokaci a fizge masa furoton ko nutiron guda a ga inda ya fito, wani lokaci a miƙa masa ƙarin nutiron a ga inda zai zaunar da shi, wani lokaci kuwa a ƙirga kawai sau nawa ya yi karo, sau nawa ya wuce salin-alin.

Wannan ta ƙarshe, mafi sauƙi a cikinsu, ita ta fara girgiza masana. In ka kori akuya da saniya ta cikin gonar dawa, wadda ta fi faɗi ita za ta fi karya kara. A 1985, a Kalifoniya ta Amurka, wani masani ɗan Jafan mai suna Isao Tanihata da abokan aikinsa suka yi haka da 'yan gidan litiyam, sinadarin nan na batirin waya, mai furoton 3. Litiyam 6, 7, 8, 9, duk faɗinsu kusan ɗaya. Da aka zo kan litiyam 11 sai aka ga yana karo kamar wani ƙato. Da aka bi diddigi, ashe nutiron biyu na ƙarshe ba a cikin ƙwallon suke zaune ba. Suna can nesa suna kewaya shi, kamar da'irar nan da kan kewaye wata a wani dare. Ɗaurinsu sako-sako ne, ƙarfin da za ka sa ka cire su biyun wajen kashi ɗaya cikin ashirin ne na abin da aka saba sawa a cire nutiron guda daga lafiyayyen ƙwallo. Yawonsu yana kaiwa kusan faɗin ƙwallon dalma, mai ƙwayoyi 208, alhali shi 11 gare shi. Akwai kuma wani abin: litiyam 9 da nutiron ɗaya ba sa zama tare, nutiron biyu su kaɗai ma ba sa zama tare, amma in ukun suka haɗu sai su ɗauru. Duwatsun murhu ke nan, ka janye ɗaya tukunya ta kife. Duk wannan gini, cikin abin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ba rabinsa ya rushe.

Abu na biyu da ya girgiza ya fi wannan zurfi. A 1949 wata masaniya a Amurka, Maria Goeppert Mayer, da wani Bajamushe, Hans Jensen, kowa da nasa aikin, suka nuna cewa 'yan cikin ƙwallo ba a cakuɗe suke ba, layi-layi suke zama kamar kujerun bas. In layi ya cika cif, ƙwallon yakan yi ƙarfi fiye da maƙwabtansa. Lambobin cikar su ne 2, 8, 20, 28, 50, 82 da 126. An ba su kyautar Nobel a kan wannan a 1963. Shaidar tana nan kusa da mu: kuzar da ake haƙowa a Jos furoton 50 gare ta, kuma tana da 'yan gida goma da ba sa rikiɗewa, ba sinadarin da ya kai ta. Dalma 208 kuwa ta cika ta ɓangare biyu, 82 da 126.

Shekaru da yawa an ɗauka waɗannan lambobi ba sa motsi ko'ina. Sai a 1975, a cibiyar CERN da ke kusa da Janeba, aka auna nauyin sodiyam mai nutiron 20, aka ga bai yi halin wanda layinsa ya cika ba. Gwaji mafi zafi ya zo a 2023. Oksijin 28 yana da furoton 8 da nutiron 20, watau a takarda ya cika ta ɓangare biyu, ya kamata ya zama gagara-badau. A cibiyar RIKEN, kusa da Tokyo, aka tarwatsa kalsiyam 48 aka tsinci fulorin 29, aka buga shi da ruwan haidurojin, aka fizge masa furoton guda. Oksijin 28 ya samu, amma ko ɗauruwa bai yi ba, nan take ya zubar da nutiron huɗu ya koma oksijin 24. Sai da aka kama huɗun nan duka a na'ura kafin a yarda an gan shi. Sakamakon ya nuna layin 20 bai rufu ba a wurin. A wasu wurare kuma sababbin lambobi ne suka ɓullo, kamar 16 a oksijin 24, da 34 a kalsiyam 54. Ba kuwa duka tsofaffin suka faɗi ba. A 2010, a Amurka, aka miƙa wa kuza 132 ƙarin nutiron guda, ita mai 50 da 82, aka tarar tana nan daram bisa ƙa'ida. Ni a ganina wannan ya fi kome daɗi a cikin labarin. Abin da muke haddacewa don jarrabawa gaskiya ne, amma gaskiyar tsakiyar gari ce. A bakin daji sai an je an duba.

Na san wani uba zai ce, to, mene ne ruwanmu da abin da ba ya kai daƙiƙa guda a duniya? Amsar tana kunnen iyayenmu mata. Taurari irin rana da waɗanda suka fi ta suna haɗa ƙananan ƙwallaye su yi manya, amma wannan girki yakan tsaya ne a wajen baƙin ƙarfe. Abin da ya fi shi nauyi, yawanci sai ta hanyar haɗiyar nutiron. Tun 1957 masana suka zayyana cewa wajen rabin waɗannan sinadarai masu nauyi, har da mafi yawan zinariya da dukkan yuraniyam, an yi su ne a wurin da nutiron ke zuba kamar ruwan Agusta, har ƙwallo ya haɗiye goma, ashirin, kafin ya sami zarafin rikiɗewa. Bayan ruwan ya ɗauke sai ya bi ta rikiɗa bayan rikiɗa har ya zauna. Ran 17 ga Agusta 2017 aka ga irin wannan wuri. Wasu matattun taurari biyu, waɗanda kusan jikinsu duka nutiron ne, suka yi karo a nisan da haske ke shekara miliyan 130 kafin ya iso mu, hasken da ya biyo baya kuwa ya nuna alamun sababbin sinadarai masu nauyi. Watau zinariyar Birnin Gwari da yuraniyam na Arlit, kafin duniyarmu ta ginu, sun taɓa zama irin ƙwallayen nan masu lodin da ya wuce kima.

Nan ne lambobin cika suka dawo. Ƙwallon da ke haɗiyar nutiron in ya kai layin da ya cika sai ya yi nauyin ƙafa, na baya su taru a kansa kamar motoci a shingen hanya. Cunkoson da aka yi a lamba 126 shi ne, bayan rikiɗa, ya sa zinariya da farin ƙarfen nan falatinam suka fi maƙwabtansu yawa. Saboda haka wanda ke son ya lissafa yawan zinariyar da karon taurari ke haifarwa, dole ya san ko 126 tana nan da ƙarfinta a can bakin daji, ko ita ma ta yi irin ta 20. Ƙwallayen da za su ba da amsa kuwa, mafi yawansu ba a taɓa ƙera su a doron ƙasa ba.

Tukunyar Zariya ba za ta kai can ba, ba aikinta ba ne. Amma na'urar sauraron gamma da ɗalibi zai koya a can, da lissafin rabin rai, da karatun yadda nutiron ke shiga ƙwallo, su ne dai kayan aikin da ake riƙewa a Jafan da Amurka, da cibiyar iThemba ta Afirka ta Kudu. A 2022 aka buɗe wata sabuwar na'ura a Jami'ar Jihar Mishigan ta Amurka musamman don wannan farauta. A farkon 2024 masu aiki da ita suka ba da labarin sababbin ƙwallaye biyar da suka samu ta hanyar tarwatsa falatinam. Mafi nauyi a cikinsu, lutetiyam 190, yana da furoton 71 da nutiron 119. Saura bakwai ya kai 126.